Texas ta soke lasisin bindiga, ko ƙanina mai bizar karatu zai iya ratayawa?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Barista. Ina zaune a Houston da takardar zama ta dindindin, sana'ata tuƙin babbar mota. Ƙanina yana wurina, da bizar karatu ya shigo. Kwanakin baya wasu suka tare shi da daddare a wurin ajiye motocin gidanmu, suka ƙwace masa waya da walat. Tun daga ranar ba shi da magana sai ta bindiga. A zauren WhatsApp na 'yan gida an ce masa tun 2021 Texas ta soke lasisi, kowa na iya ratayawa. Hankalina ya ƙi kwanciya, domin ni na karɓo amanarsa daga hannun iyayenmu. Na biyu, ni dokar nan ba ta kwanta mini ba, ina son zuwa majalisa a Austin in faɗi ra'ayina, amma an ce baƙo in ya tsoma baki a harkar majalisa takardunsa na iya samun matsala. Ina gaskiyar take?

AMSA: Wa alaikumus salam Malam. Allah ya tsare gaba, ya mayar masa da alheri. Kafin komai, ka gaya wa ƙaninka kada ya saya, kada ya ara, kada ya karɓi ajiya, ko da harsashi ɗaya ne, sai ya zauna da lauyan shige da fice ya duba takardunsa.

Abin da aka faɗa masa a zauren rabin gaskiya ne, kuma rabin da aka bari shi ne mai kai mutum kurkuku. Gaskiya ne majalisar Texas ta zartar da ƙudiri mai lamba 1927, Gwamna Greg Abbott ya sa hannu, ya fara aiki ranar 1 ga Satumba 2021. Daga ranar, mai shekara 21 zuwa sama na iya ɗaukar ƙaramar bindiga ba tare da lasisin jiha ba. Amma wanda ya halatta ya mallaki bindigar tun farko ake nufi. Majalisar jiha ta cire sharaɗin da ita ta gindaya. Ba ta da ikon taɓa na gwamnatin tarayya, kuma ba ta taɓa ba.

Dokar tarayya, sashe na 922(g)(5), ta haramta bindiga da harsashi ga mutum iri biyu: wanda yake ƙasar ba bisa ƙa'ida ba, da wanda ya shigo da bizar wucin gadi, ta karatu ce, ta ziyara ce ko ta aiki. Ƙaninka yana cikin na biyun. Hukuncin a da shekara 10 ne, a 2022 aka ɗaga shi zuwa 15. In ya gama zaman, jami'an shige da fice na jiransa a bakin ƙofa, domin laifin bindiga na cikin laifukan da ake tasa ƙeyar baƙo a kansu.

Wannan magana na maimaita ta har na gaji. Saurayi zai shigo ofis da fara'arsa, ya zaro waya ya nuna mini bidiyon wani yana bayanin cewa ai kundin tsarin mulki ya ba kowa. Ka tambaye shi wane ne mai bidiyon, sai ka ji direba ne ko mai sayar da motoci, wanda shi ɗan ƙasa ne tun tuni, dokar ba ta hau kansa ba. Lauyoyin WhatsApp ba sa zuwa kotu, kuma ba su za su kai wa yaro abinci ba in an kulle shi. Wani ya ce ai shi ba saya ya yi ba, filin koyon harbi kawai suka je da abokai ranar Asabar, ya riƙe aka ɗauke shi hoto ya sa a Instagram. To riƙewar nan ita ce doka ke kira mallaka, hoton kuma shi ne shaidar. Shari'ar Rehaif da ta kai Kotun Ƙoli a 2019 daga nan ta taso: ɗalibi ne daga Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa da jami'arsa a Florida ta sallama, izinin zamansa ya faɗi, ya je filin harbi. Kotun Ƙoli ta ce sai masu gabatar da ƙara sun nuna ya san matsayinsa. Wannan ba zai ceci ƙaninka ba, domin ya san da wace biza ya shigo, tana manne a fasfonsa.

Sai masu cewa ai an sayar mini, da haram ne da ba a sayar ba. A Texas mutum na iya sayar wa wani bindigarsa hannu da hannu ba tare da binciken komai ba. Rashin tambaya ba izini ba ne. A shagon da ke da rajista kuwa akwai fom mai lamba 4473, yana tambayar ƙasarka da irin izinin zamanka. Yin ƙarya a fom ɗin laifi ne mai zaman kansa. Wanda kuma ya kuskura ya rubuta cewa shi ɗan Amurka ne alhali ba haka ba, ya rufe wa kansa ƙofar takardu, kusan har abada.

Na san za a ce masa akwai hanyar lasisin farauta. Akwai. Doka ta keɓe mai bizar wucin gadi da ke riƙe da lasisin farauta mai aiki daga kowace jiha ta Amurka. Amma wannan keɓewar na tsaye ne a kan ƙafa biyu, lasisin da kuma izinin zaman. Ranar da lasisin ya ƙare, ko makaranta ta soke rajistarsa saboda ya rage darussa, a ranar ya koma mai laifi, bindigar na cikin jakarsa bai ma sani ba. Masu jiran amsar takardu bayan bizarsu ta ƙare su ma su ji: kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya da Texas ke ƙarƙashinta ta taɓa yanke cewa shigar da takardar neman zama, ko da an ba ka katin aiki, bai mayar da zamanka halastacce ba a wannan babi.

Kai kuma, Malam, mai takardar dindindin dokar tarayya ba ta hana shi ba. Sai dai gida ɗaya kuke. Ka saya masa da sunanka, kai ma ka shiga laifin da ke kai wa shekara 15. Ka saya don kanka ka bar ta a durowar falo ko aljihun motar da yake tuƙawa, mai gabatar da ƙara zai ce tana ƙarƙashin ikonsa. In har za ka ajiye, to a akwatin ƙarfe mai kulle, lambar a kanka kai kaɗai. Kuma ka je ka yi lasisin duk da an ce ba dole ba ne. Kuɗinsa dala 40 ne, da aji na awa 4 zuwa 6. Dokar tarayya ta hana bindiga a cikin tazarar ƙafa 1,000 daga makarantar yara, ta keɓe mai lasisin jihar, ba ta keɓe mai ratayawa haka kawai ba. Ka lissafa makarantu nawa kake wucewa daga gida zuwa masallaci.

Batun majalisa kuwa, wanda ya tsorata ka bai taɓa shiga ginin ba. Majalisar Texas na zama sau ɗaya a shekara biyu, daga Janairu, kwana 140, kamar a 2023 da 2025. In an sa ƙudiri a gaban kwamiti, akwai na'urori a cikin ginin da za ka rubuta sunanka, ka zaɓi goyon baya, adawa ko tsaka-tsaki. Ba sharaɗi ba ne ka zama ɗan ƙasa. Minti biyu ko uku ake bayarwa, ana ɗauka a bidiyo, kuma kamar rantsuwa ce, don haka ka faɗi abin da ka sani kawai. Ka tafi da haƙuri da guzuri. A Afrilun 2023 iyayen yaran garin Uvalde, inda ɗan bindiga ya kashe ɗalibai 19 da malamai 2 a makaranta, sun yi jiran fiye da awa 12 kafin a saurare su kan ƙudirin ɗaga shekarun sayen wasu manyan bindigogi zuwa 21. Kwamiti ya amince da ƙuri'a 8 da 5, amma wa'adi ya cika ba a kai shi zauren majalisa ba. Haka ake kashe yawancin ƙudirori a Austin, da kalanda. Ɗaya ɓangaren ma, masu son a rataya ba lasisi, da naci suka samu nasu: a 2021 shugabannin 'yan sanda sun fito sun yi adawa, Dan Patrick da ke jagorantar majalisar dattawan jihar ya ce babu isassun ƙuri'u, masu son dokar suka dinga matsa lamba har aka kafa kwamiti na musamman ta wuce. A ganina kiran ofishin ɗan majalisar unguwarka kafin ranar sauraro ya fi minti biyun nan tasiri.

Inda tarkon yake shi ne wajen ginin. A taron gangami ana kafa teburori, wani na sa hannu a takardar koke, wani na rajistar zaɓe, wani na tara wa ɗan takara kuɗi. Koke ka sa hannu, in ba a rubuta cewa na masu zaɓe kaɗai ba ne. Rajistar zaɓe kada ɗayanku ya taɓa, ko mai teburin ya ce ba komai. Gudummawar kamfe kai doka ta yarje maka, ƙaninka kuwa ko dala ɗaya kada ta fita daga aljihunsa.