Amsa: yatsun ƙafa na gogar tayar gaba

Ɗan'uwa, ka ce in ka karya kan sabon kekenka a hankali, bakin takalminka yana taɓa tayar gaba, kana tsoron ko firam ɗin ne ya lanƙwashe. Kwantar da hankalinka, da wuya hakan ne.

Haka aka ƙera da yawa daga kekunan cyclocross, wato na tsere a kan laka da ciyawa, musamman ƙananan firam. Tazarar da ke tsakanin gindin feda da tsakiyar tayar gaba gajeriya ce, ga babbar ƙafar keke da ake kira 700c, mai milimita 622 daga baki zuwa baki, ga taya mai kauri. A gasar cyclocross ta UCI, hukumar tseren keke ta duniya, faɗin taya ba ya wuce milimita 33, amma masu zuwa aiki da keke sukan sa 38 ko fiye, su ƙara madigadi. Madigadin nan shi ke cinye ɗan sararin da ya rage.

Idan kana gudu ba za ka gamu da wannan ba, domin kwantar da keke ake yi a kwana, kan ba ya juyawa sosai. Haɗarin yana wajen tashi daga tsaye, ko juyawa a lungu cikin cunkoso. Nan ne mutum ke faɗuwa, kuma gaban mota ba wasa ba ne.

Ka saba da daina taka feda in za ka juya sosai, ƙafarka ta ɓangaren wajen kwanar tana ƙasa. Matso da madigadi kusa da taya. In tsawon hannun fedarka milimita 175 ne, koma 170 ko 165. Idan kuwa keken ya taɓa karo da wani abu ta gaba, kai shi wurin mai gyara ya duba ƙarfen da ke riƙe da tayar kafin ka sake hawa.