Zafin jiki da gumin dare bayan ɗaukewar al'ada

Hajiya, kin ce shekarunki 49, al'ada ta ɗauke, zafi na taso miki ko a tsakiyar hunturu har sai kin yaye bargo, kina tambaya ko ki fara maganin homon, wato maganin da ke mayar da sinadaran mata da suka ragu a jiki. Sannu, Allah ya ba da lafiya.

Sinadarin estirojin ne ya yi ƙasa a jikinki, kuma mayar da shi na rage zafin sosai, yana kare ƙashi. Amma idan mahaifa na nan, dole a haɗa da wani homon mai suna furojestiron, in ba haka ba bangon mahaifar zai yi kauri, har ya iya kaiwa ga ciwon daji. Estirojin na mannawa a fata ya fi na ƙwaya ƙarancin haɗarin daskarewar jini. An fi samun amfaninsa idan an fara kafin shekara 60. Wadda ta taɓa dajin mama ko shanyewar ɓarin jiki kuwa, ba nata ba ne.

Ki je ɓangaren mata na Asibitin Malam Aminu Kano, a auna hawan jini, a duba mama. Don Allah ban da saye a kemis.

Shi ma Alhaji maigidanki, idan yana son allurar testostiron, wato homon maza, sai an fara yi masa gwajin jini da safe, sau biyu. Allurar tana rage ƙwayoyin haihuwa da ke cikin maniyyi.