Ko jiragen yaƙi sun kashe farar hula a yaƙin Biyafara?

Malam, ka tambaya daga Agege ko gaskiya ne jiragen yaƙi sun kashe farar hula a yaƙin basasar Nijeriya na 1967 zuwa 1970, da kuma ko abin ya taɓa Legas. Gaskiya ne, kuma akasarin waɗanda suka rasu ta wannan hanya mutanen Gabas ne, wato yankin da ya ɓalle da sunan Biyafara.

Gwamnatin Janar Gowon ta samu jiragen MiG-17 da Ilyushin-28 ƙirar Tarayyar Sobiyet, kuma matuƙa 'yan Masar ne suka tuƙa da dama daga cikinsu. Bama-baman da aka yi amfani da su a yaƙin ba su da na'urar saiti, ga shi kuma a yaƙin cikin gida soja da ɗan kasuwa da ɗan gudun hijira duk gari ɗaya suke kwana, shi ya sa wuta ta faɗa kan kasuwanni da asibitoci a garuruwa irin su Umuahia da Aba. Sai dai a ganina rashin saiti kaɗai bai isa hujja ba, domin kasuwar da ta cika da rana tsaka ba ta ɓuya ga matuƙi. A watan Yunin 1969 ma an harbo jirgin agaji na Red Cross.

Legas kuwa ta ga kaɗan. A watan Oktoban 1967 wani jirgin fasinja ƙirar Fokker da Biyafara ta ɗora wa bama-bamai ya tarwatse a samaniyar birnin, wajen Obalende, duk waɗanda ke cikinsa suka mutu.