Ga ƙanena mai son karatun taurari a waje

Ƙanena, na ga saƙonka. Ka ce kana shekarar ƙarshe a fannin fiziks, kana so ka zo Afirka ta Kudu ka yi digiri na biyu kamar yadda na yi, kuma kana tambayar mene ne ainihin aikina.

Galaksi garken taurari ne, biliyoyi a wuri guda, kuma su ma gungu-gungu suke zama. Gungun Coma kaɗai ya ƙunshi fiye da galaksi 1,000. Abin da ke hana ni barci shi ne: me ya sa galaksin da ke zaune ita kaɗai take ci gaba da haihuwar sababbin taurari, amma wadda ta faɗa tsakiyar gungu sai haihuwa ta tsaya, launinta ya koma ja-ja?

Tsakanin galaksin gungu akwai iskar gas mai zafin digiri miliyoyi. Idan galaksi ta kutso ciki da gudun kilomita 1,000 a daƙiƙa, sai wannan iska ta kwashe mata gas ɗinta mai sanyi, kamar yadda iska ke fizge hular mai babur. To da wannan gas ɗin ake ƙera taurari. Masana taurari Gunn da Gott ne suka bayyana haka a 1972. Nisa kuma yana da amfaninsa, domin haske yakan daɗe a hanya, wanda ya hango gungu mai nisa ƙuruciyarsa yake gani. A 1978 wasu masanan, Butcher da Oemler, suka lura gungu masu nisa sun fi yawan galaksi masu launin shuɗi, wato masu haihuwa. Wallahi ranar da na fara ganin jelar gas tana bin bayan wata galaksi a bayanan MeerKAT, na'urar hangen sararin samaniya mai kama siginar rediyo da manyan farantai, sai da na yi tasbihi.

Amma kada ka zaci kwana muke muna kallon sama. MeerKAT na can hamadar Karoo da farantanta 64, ni kuwa ina Cape Town gaban kwamfuta. Don haka ka kama Python, yaren rubuta manhajar kwamfuta, tun yanzu, ka riƙe lissafi da kyau. Bayanan SDSS, wani babban shirin tattara hotuna da bayanan galaksi, kyauta suke a intanet. Ka sauke na Coma, ka ware ja da shuɗi da kanka, ka sa a takardar neman gurbi. Ka duba shirin NASSP, wato shirin karatun taurari da sararin samaniya na jami'o'in Afirka ta Kudu, ka nemi takardun sakamakonka da wuri don fitowarsu kan ja lokaci. Kuma don Allah kada Baba ya sayar da gona saboda wannan tafiya, ka jira tallafin karatu ya fito tukuna, kuɗin haya a nan ba wasa ba ne.

Ka gaishe min da su Inna.