Yaya aikin sojan lema mai dira a gaban jama'a yake?

Ɗan'uwa, ka tambaya ko shiga rundunar sojojin da ke dira da lema a bukukuwa hutu ne daga aikin soja. A gaskiya ba hutu ba ne.

Ɗauki Golden Knights na sojan Amurka, da aka kafa a 1959, mazauninsu sansanin soja na Fort Bragg a Karolina ta Arewa, ko Red Devils na Birtaniya da suka fara a 1964. Dukkansu cikakkun sojoji ne, kuma sai mutum ya tara dira masu yawa kafin ma a duba takardarsa. Bayan haka ga makonnin tantancewa, inda ake auna halinsa kamar yadda ake auna gwanintarsa.

Abin da 'yan kallo ke gani 'yan mintuna ne. Kafin nan sai an naɗe lema da hannu, an duba ta biyun da ke ajiye, an jefo dogayen zirin takarda daga jirgi don gane inda iska ta nufa. Sannan su fito, hayaƙi mai launi na tashi daga ƙafafunsu, suna faɗowa da gudun kusan kilomita 200 a awa, su buɗe lema, su sauka a ɗan fili tsakiyar filin wasa, mutane kewaye. Nan ne ni nake jinjina musu, don kuskure kaɗan kan iya taɓa 'yan kallo.

Kuma a lokacin wasanni, yawancin ƙarshen mako ba sa gida.