Tambayarku, Amsarmu: Yaya zan rubuta kiɗan kalangu a kwamfuta?

Tambaya: Malam, ni ɗalibin ilimin kwamfuta ne a nan Damagaram. Kakana makaɗin kalangu ne a unguwar Birni, tsufa ya kama shi. Ina so in ƙirƙiro yaren kwamfuta na rubuta kiɗa don kada abin da ya sani ya tafi da shi. Ta ina zan fara?

Amsa: Ɗana, Allah ya yi maka albarka, ya ƙara wa tsoho lafiya. Fara leƙa aikin waɗanda suka riga ka. Akwai ABC, yaren rubuta kiɗa da Chris Walshaw ya fito da shi a farkon shekarun 1990, yana rubuta amo da haruffa daga A zuwa G. Akwai LilyPond, da wasu ƴan Holan biyu suka soma a 1996: in ka rubuta c4, harafin shi ne amon, lambar kuma tsawonsa. Kyauta ne, ka sauke ka gwada.

Sai dai duka biyun a kan tsanin amo na Turawa aka gina su, mai matakai 12. MIDI ma, wato tsarin da na'urorin kiɗa ke magana da kwamfuta da shi, tun 1983, kowane amo lamba ya ba shi, daga 0 zuwa 127. Shi kuwa kalangu ba ya hawan tsani. Zauna kusa da kakanka ka lura: ya saƙale shi a hammata, ya buga sau ɗaya, ya matse igiyoyin, amon ya yi sama, ya sassauta, ya zubo ƙasa. Bugu guda ne, amma murya ta yi tafiya. Can maganar take, domin karin harshenmu yake bi, na sama da na ƙasa da mai faɗuwa.

Saboda haka ni dai a ganina, kada do-re-mi ya zama tubalinka. Take ne tubalin. Kowane layi ya ɗauki kalmomin taken, ƙarƙashin kowace gaɓa a sa bugunta da tsawonta, da alamar matsewa ko sassautawa. Ka ba take suna sau ɗaya, ka riƙa kiransa duk inda ya dawo, yadda kuke kiran umarni a darasinku. A kai kuma a rubuta na wa ne, na mahauta ko na wani basarake.

Zanen layukan kiɗa kada ya cinye maka lokaci. Yarenka ya miƙa wa LilyPond ya zana.

Amma tun kafin ka taɓa kwamfuta, ɗauki wayarka gobe da safe ka naɗi take goma daga hannun tsoho, yana bugawa yana faɗin maganar. In ka rubuta, kwamfuta ta kaɗa masa, ka gani ko zai gane nasa.