Gareji a Buɗe: Injin motata ya ƙone, in gyara ko in rabu da ita?

TAMBAYA

Assalamu alaikum Malam, da fatan kana lahiya da iyali. Ni malamin makaranta ne nan Birnin Kebbi, ina da Camry 2004 wadda ake ce ma Big Daddy, hannun wani ma'aikaci na saye ta shekarun baya kuma wallahi ba ta taɓa ba ni wahala ba in ba taya da birki ba. Satin da ya wuce mun tashi za mu Yawuri ta'aziyya, bayan mun wuce Jega sai na ga allurar zafi ta hau sama, na ce bari in lallaɓa mu kai gari tunda ga mata da yara cikin mota kuma wurin daji ne, to ba mu kai ko'ina ba ta hau tururi ta mutu. Ashe tiyon lagireto ne ya fashe. Wani yaro ya ɗaure muna shi da roba muka zuba ruwa, ta tashi amma tana rawa tana farin hayaƙi, haka na ja ta har Koko, daga nan aka jawo ta gida. Yanzu bakin man ya koma kamar shayi da madara. Bakanikena ya ce gasket ne, shimfiɗar nan da ke tsakanin kan inji da jikinsa, in kawo dubu 450 ya gyara. Wani ya ce kar in ɓata kuɗɗina in sayi injin Beljiyam, an ce mani zai kai miliyan 1.3 banda kuɗin aiki. Dillali ya taya ta miliyan 2 yadda take. Abokina kuma cewa ya yi a sa gasket mai araha a zuba bakin mai mai kauri in saida ta da sauri kamin asiri ya tonu. Malam mi ya kamata in yi da wanga al'amari? Albashi ɗai gare ni sai 'yar shinkafar da nike nomawa.

Daga wani mai karatu, Birnin Kebbi

AMSA

Wa alaikumus salam Malam. Allah ya jiƙan wanda ya rasu, kai kuma Allah ya mayar maka da alheri.

Bari mu fara kawar da shawarar abokinka gefe. Wannan ha'inci ne ba shi da wani suna, kuma kai malami ne ka fi ni sanin hadisin nan na cikin Muslim da ya ce wanda ya ha'ince mu ba ya cikinmu. Ko ba wannan ba ma, Birnin Kebbi ba ta da girman da za ka maƙala wa mutum mataccen inji ka ɓace, sai kun haɗu a masallacin Juma'a ko wurin ɗaurin aure.

To sai maganar bakanikenka. Ba ƙarya ya yi ba, gasket ya ƙone kam, farin hayaƙin nan da ruwan da ya shiga bakin mai duk shaida ne. Inda na ja da shi shi ne yanka maka kuɗi da ya yi tun bai kwance komai ba, don gasket ɗin shi ne abu mafi araha a cikin abin da zafi ke lalatawa, kuma ba a sanin sauran sai an sauke kan injin an gani da ido. Dubu 450 ɗin nan kuɗin shiga ne kawai, in an buɗe za ka fara jin "oga akwai kaza, oga akwai kaza".

Kuma motarka tana da wani hali nata na musamman da ya kamata ka sani. Injin da ke cikin Big Daddy mai silinda 4 sunansa 2AZ, lita 2.4, kuma kansa da bulok ɗinsa, wato jikin injin, duk alminiyam ne, ba irin na Camry mai fitilar fensir da ta gabace ta ba wadda bulok ɗinta ƙarfe ne mai jure wulaƙanci. Noti 10 ne ke ɗaure kan da bulok, to a wannan injin na shekarun 2002 zuwa 2006 an san shi da cewa in ya sha zafi sosai zaren da ke cikin ramin notin yana zagwanyewa, musamman na tsakiya ta ɓangaren baya wajen manifol, har ita Toyota ɗin sai da ta fitar wa dilolinta da takardar yadda za a gyara. Abin da ke faruwa a garejinmu shi ne, a kai kan wurin mai tona, wato mai injin sassaƙa ƙarfe, ya goge shi, a sa sabon gasket, a ɗaure noti da ƙarfin hannu ba da sifanar awo ba, wani notin yana ta juyawa bai kama ba yaro ya yi shiru bai gaya wa oga ba, mota ta tashi lafiya lau kowa ya yi murna, bayan wata ɗaya ko biyu ta fara shan ruwa kuma, sai a ce maka ai gasket ɗin ne jabu. Gyaran na gaskiya shi ne a huda ramin a dasa masa sabon zare na ƙarfe, kuma ba kowane mai tona ke da kayan aikin ba. Ka tambayi bakanikenka kai tsaye, in zaren ya tafi wa zai gyara kuma da me. In ka ga yana sosa ƙeya to ka samu amsa.

Abu na biyu da ke damuna shi ne tafiyar da ka yi zuwa Koko da ruwa a cikin bakin mai. Ban ga laifinka ba, ba wanda zai so tsayawa da iyali a daji a wannan zamani, amma man da ya gauraya da ruwa ba ya riƙe metal, wato 'yan faifan ƙarfen da kirankshaf, babban sandan da ke ƙasan inji, ke juyawa a kansu, kuma in metal ya ci kirankshaf to magana ta tashi daga saman inji ta koma ƙasansa. Don haka kafin ka yanke komai ka ware kuɗi kaɗan na dubawa kawai, ku yi da shi cewa kuɗin kwancewa daban kuɗin gyara daban. A tsiyaye man a faranti a duba ko akwai garin ƙarfe mai ƙyalli, a yanka filta a duba cikinta, a sauke kai a ɗora masa ma'auni a ga ko ya lanƙwashe ko ya tsage, a gwada zaren ramukan nan guda 10 ɗaya bayan ɗaya kana tsaye. In ƙasa lafiya, zare lafiya, kai bai tsage ba, to ka yi sa'a, a gyara da gasket mai kyau da sababbin noti shikenan. Amma gaskiya yadda ka ba da labarin nan, ta yi zafi har ta mutu da kanta sannan aka zuba mata ruwan sanyi aka sake tuƙa ta, ban sa ran haka. Ni a ganina canjin inji za ka yi.

Me ya sa ban ce ka bai wa dillali ba? Yi lissafin da kanka. Miliyan 2 ɗinsa, ka haɗa da kuɗin da za ka kashe a inji da aiki, a ce ka tashi da miliyan 3 da rabi. Wace mota wannan zai saya maka yau? Tun Janairun 2017 da gwamnatin Buhari ta hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa 'yan Kwatano suka daina araha a wajenmu, sannan aka saki naira a 2023, dalar da take wajen 460 a farashin gwamnati ta haye 1,500 a 2024, komai na mota ya bi ta. Abin da kuɗin nan zai kawo maka shi ne wata mai shekara 20 irin taka wadda ta sha hannu, ba ka san wa ya tuƙa ta ba, ba ka san sau nawa ta yi zafi ba, wataƙila ma mai ita yana da aboki mai irin shawarar abokinka. Taka kuwa ka san giyarta, ka san ƙafarta, ka san takardunta, ciwo ɗaya gare ta kuma ka san sunansa. Shi kansa dillalin ai ba tausayinka ya kawo shi ba, inji zai jefa mata ya wanke ta ya ci ribar da kai ya kamata ka ci.

Inda zan ce ka rabu da ita shi ne in giya ta riga ta fara fizga ko jinkirin shiga, ko ƙasan bodin ya ci tsatsa, ko ta taɓa haɗari an miƙe shasi, ko takardun kwastan ɗinta ba su cika ba. Sabon inji a irin wannan mota zubar da kuɗi ne. Haka in sai ka ci bashi mai ruwa ko ka sayar da shinkafar da za a ci a gida, to ajiye ta ka hau mashin zuwa kaka, mota ba ta ruɓewa a wata 3, ka dai cire batir kuma kar a bar gurɓataccen man nan a cikinta.

Sayen injin kansa wani yaƙi ne. Ko Ƙofar Ruwa ta Kano za ka, ko Panteka a Kaduna, ko ka aika Ladipo a Legas, kar ka saya ta waya da hoto, ka biya wa bakaniken da ka yarda da shi kuɗin mota ku je tare ko ya je a madadinka. Da yawan abin da ake kira Beljiyam na gida ne aka wanke da fetur aka fesa masa fenti. A buɗe murfin sama a ga ko ciki fes yake ko ya yi baƙin dasƙararren mai, a cire filogi a duba, a juya injin da sifana a ji yana matsewa daidai, a bi gefe-gefe ko akwai gam da ya tsattsafo da kan notin da ya sha sifana, wannan alamar an taɓa buɗe shi ne. Ka sani kuma wannan 2AZ ɗin yana cikin RAV4 da Highlander da Camry Muscle, za su ce maka duk ɗaya ne, jikin ɗaya ne amma wayoyi da sensa sukan bambanta, kuma na Muscle 2007 zuwa 2009 ya yi suna wajen shan bakin mai saboda fistin ɗinsa. Garanti a rubuce, kuma ya fara ƙirguwa daga ranar da aka tayar da injin a motarka ba ranar da ka biya ba, in ba haka ba kwanakin za su ƙare yana kan hanyar Funtuwa a bayan tirela. Rasit ya zo da lambar injin, don ka gyara takardunka da ita.

Sannan don Allah kar a ɗora sabon inji a kan abin da ya kashe tsohon. Tiyo duka a canza ba wanda ya fashe kaɗai ba, murfin lagireto sabo, a duba famfon ruwa da fanka, lagireton in ya toshe a sake shi, kuma tunda man giyar otomatik ta cikinsa yake bi ya huce, a zaro sandar man giyar a duba launinsa. Za su ce a cire tamostat, abin da ke daidaita zafin inji, a haɗa fanka dairek ta riƙa juyawa ba tsayawa wai ƙasarmu zafi gare ta, ni ban yarda da wannan ba, ƙarin shan fetur ne kawai da ɓoye matsala. Ka zuba kulan, ruwan sanyaya inji, na gaskiya ka daina ruwan rijiya da na bohol, shi ke cin alminiyam yana toshe hanyoyi, ga zafin Maris zuwa Mayu da ke wuce digiri 40 a Kebbi. Af, kuma ka ɗauki hoton katalis ɗin salansa, abin tace hayaƙi, wanda yaran gareji ke kira indomi, kafin ka bar mota ta kwana a can, yana da ƙafa.

TAMBAYA

Salam Oga. Golf 3 nake ja haya Argungu zuwa Sakkwato. Tana shuɗin hayaƙi, tana shan bakin mai kullum sai na ƙara, lodi ya yi mata nauyi a hawa, amma ba ta zafi ba ta ƙara. Mai motar ya ce mu saida ta kawai. Ni kuma da ita nike ci da gidana.

Direba, Argungu

AMSA

Wa alaikas salam ɗan'uwa. Taka ba irin ta Malam ba ce, tsufa ne kawai, shuɗin hayaƙi mai ne ke ƙonewa, ko dai ringi ya gaji ko robobin bawul sun bushe ko duka biyun. Ga yadda za ka gane: in hayaƙin da safe ne yake fitowa da ka tayar da ita sannan ya ragu, ko bayan ta daɗe tana silo a tasha, robobin bawul ne, aiki kaɗan. In kuma duk sanda ka taka wuta yake turnuƙewa, ga rashin ƙarfi a hawa kamar yadda ka ce, ka buɗe murfin mai tana aiki ka ga tana huci da ƙarfi, to ringi ne. Mai gejin matsi zai tabbatar maka cikin minti kaɗan.

A nan gyara ya fi, ba ma sai an sayi inji ba. Bulok ɗin Golf 3 ƙarfe ne, yana karɓar gora, wato faɗaɗa ramin silinda, da fistin mai ƙarin girma, kayanta na nan birjik a Sakkwato, kuma duk injin Beljiyam ɗin da za ka samo nata shi ma ya haura shekara 25 tunda tun shekarun 1990 aka ƙera su, babu tabbacin ya fi naka. Sharaɗin dai a auna silinda kafin a sayi ringi, don sa sabon ringi a ramin da ya buɗe ba ya hana shan mai. Tunda an buɗe a canza metal da tayimin bel gaba ɗaya, kuma bayan an haɗa ka yi mata sassauci a lodi da gudu na ɗan lokaci, ka yi juye da wuri.

Shi kuma mai motar kar ku tsaya musu, rubuta masa abin da kake kashewa a bakin mai duk wata a gefe guda, kuɗin gyaran a ɗaya gefen, in ya ga dama ku yi yarjejeniya a riƙa cirewa daga balas har ya fita. Ka fara leƙa ƙasan motar tukuna, wajen da ƙafar baya ta kama bodi da ƙarƙashin kujeru, in can ya ruɓe to shi ke da gaskiya.